Albishir ɗin da Na Riƙe

Karatuna aji uku ne na firamare, shi ma na ukun ban ƙarasa ba. Ranar da malamin lissafi ya ce gobe kowa ya zo da jadawalin bakwai a ka, gari na wayewa na bi masu yankan rake zuwa Makarfi, ban sake waiwayar allo ba. Ina faɗin wannan tun farko ne don na so ƙwarai in ɗora wa rashin karatu laifin abin da zan ba da labari. Na gwada, ya ƙi ɗoruwa.

Shekara ashirin da wani abu ina masinja a wani kamfani da ke ba manoma iri da taki, in kaka ta yi ya sayi masara da waken suya. Ofishinmu yana Ikara, muna da sito a Makarfi, muna da wani a Kudan. Aikina kai takarda, karɓo takarda, sayo wa manya abinci, da sanin duk abin da ba a tambaye ni ba.

Amma akwai aiki guda da nake ji da shi. In an ɗauki sabon ma'aikaci, ni ake ba takardar in kai har gidansu. Sunan da ke bayan ambulan, in dai da manyan baƙaƙe aka rubuta, ina iya haɗa shi. In hau babur, in yi ta tambaya har ƙofar gida. Kuma ba na miƙa takarda haka nan kamar mai kawo sammaci. Sai na yi sallama, an shimfiɗa tabarma, na gaida maigida da gajiya, da iyali, da damina, da dabbobi, na sha ruwa a hankali har kowa ya ƙosa, sannan in gyara murya in ce, "Albishirinku."

A ce, "Goro."

In ce, "Fari ko ja?"

A ce, "Fari tas!"

Goron kuwa ba goro ba ne. Kaza ce, ko ƙwan zabi, ko curin mazarƙwaila. A Kudan an taɓa ɗaura mini dankali a bayan babur har taya ta fara kuka. Matata ba ta taɓa taka ofishinmu ba, amma daga miya take gane an yi ɗaukar aiki.

Ni ma ba a banza nake ci ba. Nakan ja sabon ma'aikacin gefe in gaya masa ranar zuwa, da abin da zai riƙo, da inda zai samu ɗaki in daga nesa yake, da wanda ba a gaisarwa sai ya sha shayi. Kafin mutum ya taka ƙofar ofis ya riga ya san mu.

Bara waccan aka kawo mana sabuwar mai kula da ma'aikata, wata Hajiya daga Zariya, sa'ar 'yata ta biyu. Ba zan yi mata ƙarya ba, mutuniyar kirki ce. Ba ta taɓa wuce ni ba ta ce Baba ina kwana ba. Da aka ɗauki mutum biyar a farkon damina, na wanke babur, na sa an ɗaure masa birki, ina jiran ambulan. Ranar Alhamis ta kira ni ofishinta.

Ta ce, "Baba, zauna. Me da me kake gaya wa sababbi in ka je?"

Na zauna na baje mata komai, har da mai shayin da ba ya zuba ruwa a madara. Tana ta bugawa a kwamfuta tana dariya. Da na gama na ce, "To ranki ya daɗe, ina takardun?"

Ta ce, "Ai bana babu takarda, Baba. Ta imel za mu yi musu maraba. Hedikwata ce ta ce. Ka ga ka huta da hanyar damina."

Na ce, "Allah ya saka da hutu."

Na fito. Na daɗe a kan bencina ina kallon babur yana sheƙi. Wato ta tatse ni ta zuba a kwamfuta, ni kuma na zauna ina ba ta har da ƙari, kamar saniyar da ke murna da ƙwarya.

Ranar Litinin na kasa haƙuri, na leƙa na ce, "Hajiya, me kika ce musu a wayar iskar nan?" Ta juyo da kwamfutar ta karanta mini da Hausa. An yi wa mutum barka, an ce muna murnar zuwansa, an gaya masa ranar farawa da ƙarfe nawa, ya riƙo hoton fasfo biyu da takardar mai tsaya masa. Har mai shayina yana ciki. Abin ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya fi ba ni haushi. Sai ta zo wajen da aka ce mutum ya amsa saƙon cikin kwana bakwai, in bai amsa ba hedikwata za ta ba na gaba a jeri.

Na katse ta na ce, "To in ya amsa ya ce goro, wa zai karɓa, ke ko kwamfutar?"

Ta ce, "Baba, tsaya mana, ban gama ba."

Na ce ana kirana a waje. Babu mai kirana.

Zuwa Laraba mutum huɗu sun amsa. Saura ɗaya, wanda aka ɗauka ya riƙe siton Kudan, mutumin wata rugar makiyaya da suka zauna wuri ɗaya a bayan Furana. Hajiya ta kira lambarsa har ta gaji, a kashe. Ta fito da kanta har bencina.

Ta ce, "Baba, ko ka san mutumin nan na Furana? Shiru har yanzu."

Na san shi. Ranar da suka zo ganawar neman aikin, a kan bencin nan ya zauna kusa da ni, ni na ba shi ruwa. Magidanci ne, ya haura talatin da biyar, 'ya'yansa uku. Ya yi karatun gona tun da daɗewa, bai samu aiki ba, ya koma yana noma tare da mahaifinsa. Mahaifin ma na san shi, wani dattijo mai 'yan shanu, na taɓa cin dambu a gidansa lokacin da muke rubuta sunayen masu karɓar taki. Ba wannan kaɗai ba. A kan bencin ya gaya mini da bakinsa cewa imel ɗin da ke jikin takardarsa wani mai shagon kwamfuta a Makarfi ne ya buɗe masa ranar da ya cike neman aikin. Ya ce, "Ni ko lambar sirrin ban riƙe ba, Baba. Cewa aka yi sai da shi." Muka yi dariya.

Duk wannan yana cikin kaina, Hajiya na tsaye a gabana. Na ce, "Furana ai faɗi gare ta, ranki ya daɗe. Kuma imel ya fi ni sanin hanya."

Ta ɗan dube ni, ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta koma ciki.

Ba nufina mutumin ya rasa aiki ba, Allah shi ne shaida. Dabara na shirya, irin ta tsoho mara aikin yi. Na ƙirga a yatsa: Litinin aka karanta mini, kwana bakwai sai wata Litinin. Zan bari hankalinta ya tashi sosai. Ranar Asabar, da ba na aiki, in tafi Furana. Litinin da sassafe in shigo da shi a bayan babur, in ajiye shi a ƙofar ofishinta in ce, ga saƙonki ya iso. Har yadda zan gyara hula na shirya.

Ranar Alhamis aka aike ni siton Makarfi. Shagon kwamfutar nan yana bakin titi, na san shi. Na tsaya daidai gabansa na sayi rake, na jingina da babur na sha guda biyu ina kallon ƙofar. Taku goma ne tsakanina da ita. Da na shiga na ce wa mai shagon ya duba, da magana ta ƙare a nan. Na tofar da ɓawo na hau babur.

Juma'a da na dawo daga masallaci na tarar da Hajiya a baranda, waya a hannu.

Ta ce, "Baba, shi ke nan. Hedikwata ta rufe. An ba na gaba, wani daga Dandamisa, har ya amsa."

Bakina ya riga ni. Na ce, "A'a, ai sai Litinin!"

Ta ce, "Wace Litinin?"

Na ce, "Kwana bakwai. Litinin zuwa Litinin."

Ta ce, "Tun Juma'ar da ta wuce na tura, kuna masallaci. Litinin karanta maka kawai na yi." Sannan a hankali ta ce, "Baba, ashe kana ƙirgawa."

Na ce ai kowa yana ƙirga kwana. Ta juya ta koma ofis. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar na tafi Furana duk da haka. Kada a tambaye ni me na je yi, ni ma a hanya nake tambayar kaina. An kwana ana ruwa, daga inda kwalta ta ƙare laka ce har gwiwa. Sau biyu ina sauka in tura babur, sau ɗaya muka kwanta tare ni da shi a gefen gonar dawa. Na isa hantsi ya ɗaga, riga ta zama ja.

Abin da ban yi tunani ba shi ne an san ni, kuma an san abin da ke kawo ni gidan mutane. Dattijon yana gindin ɗorawa yana gyaran igiya. Yana ɗaga kai ya gan ni da babur ɗin kamfani, bai bari na gama sallama ba. Ya miƙe ya ce, "Goro! Malam, goro, fari tas! Kada ma ka wahalar da bakinka."

Kafin in ce wani abu maganar ta shiga cikin gida. Na ji guɗa. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo fura da nono mai sanyi a ƙwarya. Dattijon ya aika gona a kira ɗansa, ya kuma ce a kamo jan zakaran nan. Ina zaune ina jin ana bin zakara a bayan danga, yana ihu, mata suna dariya.

Dattijon ya ce, "Shekara tara yana kai takarda ana cewa a dawo. Uwarsa har ta daina tambaya. Sha fura, Malam, ka sha hanya."

Na ajiye ƙwaryar furar. Ni da nake jan rai a gidajen mutane don daɗi, ran nan na ja shi don ba ni da abin faɗa. Mutumin ya iso da fartanya a kafaɗa, ƙafa duk laka, ya durƙusa ya gaishe ni yana haki.

Na ce, "An ɗauke ka." Gaskiya ce, an ɗauke shi. Aka sake guɗa. Na ƙara da ƙaramar murya, "Sai dai akwai 'yar magana. Ka zo Litinin mu ga Hajiya."

Dattijon ya ce, "Aikin ofis ai ba ya rasa 'yar magana." Ya ɗaure ƙafafun zakaran da kansa ya rataye mini a hannun babur. Na ce a bari sai komai ya kammala. Ya ce, "Kana so a ce ka zo gidana cikin wannan laka ka koma hannu biyu?" Na karɓa. Ina faɗin wannan don a sani: na karɓa.

Ɗan dattijon ya raka ni yana tura mini babur har bakin rafi. Da muka yi nisa da gida ya ce, "Baba, wace irin magana ce?"

Na gaya masa an tura saƙo ta imel, an ba da kwana bakwai, sun cika jiya, an ba wani. Nawa ɓangaren na tsallake shi kamar yadda na tsallake rafin. Ya tsaya. Ya ce wayarsa ta faɗa fadama tun mako biyu, tana wajen mai gyara a Ikara. Ya ce, "Laifina ne. Na san da imel ɗin, ban bi sawu ba." Sannan ya ce, "Allah ya saka maka, Baba. Ranar hutunka ka shigo wannan laka saboda ni."

Na ce amin. Har amin na ce.

Da na isa gida matata ta ga zakara ta ce, "Ba ka ce an daina ba?" Na ce a ɗaure shi, kada a yanka. Ta ce to me za a yi da shi, a sa shi makaranta? Da yamma na kwance shi na miƙa wa maƙwabcina, na ce sadaka. Ko wannan sadakar tana da lada ban sani ba.

Litinin tun kafin mai shara ya gama mutumin Furana ya iso, da wankakkiyar riga, da hoton fasfo biyu a leda. Ya zauna a bencina. Ba a jima ba wani ya sauka daga mota, siriri mai fara'a, da jaka da takarda a hannu. Ya gaishe mu ya ce, "Don Allah wane ne Baba masinja?"

Na ce ni ne.

Ya durƙusa. Ya ce shi ne sabon mai siton Kudan, daga Dandamisa. Ya buɗe takardar, ashe saƙon Hajiya ne ya sa aka buga masa. Ya ce, "Ga shi an rubuta a ƙarshe." Ya karanta da ƙarfi, yana jin daɗi: in ka iso ka nemi Baba masinja a bakin ƙofa, shi ya fi kowa daɗewa a nan, shi zai zagaya da kai ya gaya maka abin da takarda ba za ta iya faɗa ba.

Wurin da na katse ta ke nan na fita. Layi biyu suka rage ban ji ba.

Mutumin Furana ya matsa masa ya zauna. Har ya ce masa Allah ya sa albarka. Su biyu a benci ɗaya, kowa da hoton fasfonsa, ni a tsaye a tsakiya kamar an dasa ni.

Na shiga wajen Hajiya na rufe ƙofa. Ban zauna ba. Na gaya mata duka, da bencin ranar ganawa, da shagon Makarfi, da raken, da zakaran. Ta saurara ba ta ɗago ba. Da na gama ta ɗauki waya ta kira hedikwata a gabana. Ta roƙa, ta ce kuskuren daga ofishinmu ne, ba ta ambaci sunana ba. Ina jin muryar wancan ɓangaren. Suka ce gurbi ɗaya ne, wanda aka ba ya amsa, ya ma ajiye koyarwar da yake yi a wata makaranta saboda wannan, ba za a yi wa mutum maraba ranar Juma'a a kore shi ranar Litinin ba. Kuma gaskiyarsu ne. Shi me ya yi?

Ta ajiye wayar. Ta ce, "Baba, da ka ce mini so kake in roƙe ka, wallahi da na roƙe ka. Ba wani abu ba ne a wurina."

Na ce, "Na sani, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Zan gaya masa babu aikin, wannan nawa ne. Sauran kuma naka ne. Ba zan faɗa maka abin da za ka yi da shi ba."

Ta kira mutumin Furana ciki. Bai daɗe ba ya fito, ya naɗe ledar hotunan ya sa a aljihu. Na ce wa mutumin Dandamisa ya jira ni, yanzu zan dawo in zagaya da shi. Na ce wa na Furana ya hau in kai shi tasha. Ya hau.

A tasha motar ba ta cika ba, muka tsaya a inuwar wata rumfa. Yana ta tunanin yadda zai shiga gida. Ya ce mahaifiyarsa ta riga ta aika wa 'yan'uwanta har Kurmin Kogi. Ya ce, "Zan ce musu sakacina ne, ai gaskiya ce." Ya sake yi mini godiya. Godiyar nan ta uku ce na kasa ɗauka.

Na ce, "Tsaya. Ba sakacinka ba ne kaɗai." Na gaya masa cewa tun Laraba aka tambaye ni, na san gidansu, na san zancen shagon, na yi shiru don ina fushi da kwamfuta. Na gaya masa dabarata ta shigo da shi a bayan babur. A bakina ma abin ya yi wauta, kamar labarin yara.

Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni daga hula har takalmi, kamar yana neman inda mutumin da ya ba shi ruwa ya shiga.

Ya ce, "Laraba?"

Na ce, "Laraba."

Ya ce, "Laraba ina Ikara, Baba. Na zo duba wayata. Na wuce ta gaban ofishinku, na hango ka a benci. Kunya ta hana ni tsayawa, kada a ce na cika naci."

Na ce ya yafe mini don Allah.

Kwandasta ya fara kiran saura mutum ɗaya. Sannan ya ce, "Da ka bar ni da laifina, Baba. Shi na san yadda zan yi da shi. Yanzu ka ƙara mini wani aikin." Ya shiga mota. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Na koma ofis na zagaya da mutumin Dandamisa, na nuna masa komai, ya yi ta dariya da barkwancina, ni kuma ina jin bakina yana aiki shi kaɗai. Yana siton Kudan har yanzu, kuma yana riƙe da shi da amana.

Na Furana yana gona. Tun daga ran nan kamfani bai sake neman mai sito ba. Sau biyu muna haɗuwa da shi a kasuwar Ikara. Yakan durƙusa ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ba ya rage ko ɗaya. Nakan tsaya bayan gaisuwar ta ƙare, ko zai ƙara wani abu. Sai ya ce, "To Baba, a gaida gida," ya wuce.